Shekarar da Na Wanke Tabki

Ranar sunan jikana na baya-bayan nan, ina zaune a zaure ina jin hirar mata daga cikin gida, sai na tsinci muryar babbar ƴata tana ba wata baƙuwa labarin Fulanin da suka ɗaure mana tabki. Ta jera shi tsaf yadda ta ji tun tana ƙarama: wai an hana su shiga da shanu, suka ji haushi, tsohonsu ya ɗebi laka ya tofa mata, ruwa ya nutse cikin ƙasa. Har da ƙarin gishirin da ban san ranar da aka zuba shi ba, wai an ga tsohon yana tafiya da baya da baya. Na ajiye goron da ke hannuna. Ƴar da na koya wa karatu da kaina ce take ɗauke da ƙaryata a baki tana raba wa baƙi. Shi ya sa na tsallake abubuwa da yawa na rayuwata na zo kan shekarar da abin ya faru. Ku ƴaƴana kun san ni da sunan Mushe Isuhu mai alli, yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, kun san darussan da na koyar har na ajiye aiki. Wannan darasin ban taɓa koya muku shi ba, kuma kunya ce ta hana ni.

Garinmu, kun sani, yana tsakanin Mayahi da Issawane, ƙasar rairayi ce wadda ruwa ba ya kwana a kanta. Rijiyarmu ɗaya ce a lokacin, mai zurfin da sai da sa ake jan guga, kuma ba ta isar gari. Abin da ke riƙe mu shi ne tabkin da ke cikin kwari yamma da gari. Damina ta cika shi, ya ɗauke mu kaka da ɗari, wani sa'in har zafin bazara ya shigo da sauran ruwa a tsakiyarsa. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa, ko kwana nawa ya yi a randa ba ya kwantawa. Da shi mahaifiyata ta yi wankan jegona, da shi na girma, ban taɓa ganin aibinsa ba sai da na je Yamai na ga ruwan famfo.

Akwai gidan Fulani da ke zaune da mu tun kakanni, gidan Ardo Sambo. Da rani suna sauka a gonakinmu shanunsu su ba mu taki, da damina su yi arewa. Amma ba sa tashi sai sun yi wani aiki da ake kira taka tabki. Ruwan farko na sauka, ƙasan tabki ya zama caɓi, sai Ardo ya zo da jakuna ɗauke da mangalar kanwa, a watsa ta ko'ina cikin lakar, a koro garke duka a zuba ciki. Kwana uku shanu na lasa suna zagaye suna kirɓa lakar da kofato, har wurin ya yi sumul. Mu mutanen gari mun ɗauka gatan shanunsu kawai suke yi, shan kanwa kafin tafiya. Babu wanda ya taɓa tambaya. Ardo kuwa ba baƙo ba ne a gidanmu. Matarsa aminiyar Inna ce, mahaifiyata, kuma shi ya fara ɗora ni a kan sa ina ɗan ƙarami. Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Kaɗon Rabi, wato Bahaushen Rabi, don Rabi ne sunan Inna.

Shekarar da aka turo ni koyar da shimi, wato ilmin sinadarai, a kolejin Mayahi, na dawo gida da kai cike da littafi da wuya cike da iska. Wata Asabar na zo da wani abokin aikina, ɗan birni, don ya ga garinmu. Inna ta kawo masa ruwa a sabuwar ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye. Ya leƙa ciki, ya dube ni, ya ture ƙwaryar gefe da ɗan yatsa.

"Non, merci, ba na jin ƙishi," in ji shi, alhali leɓɓansa sun bushe.

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ban ji haushinsa ba, na ji haushin Inna, da ƙwaryarta, da tabkin, da garin duka. Wannan ita ce kunyata ta farko a labarin, kuma ku lura, kunyar banza ce, irin wadda ke sa mutum ya yi abin kunya na gaske.

Na ɗebi ruwan tabki a kwalba na kai aji. Mako guda yana kan tebur bai sake launi ba. Na san dalili, don shi nake koyarwa. Abin da ke sa ruwan ja ƙwayoyin laka ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya ware ɗaya daga ɗaya. Kowace ƙwaya tana ɗauke da ƴar wutar lantarki a jikinta, kuma duk iri ɗaya ce, saboda haka suna ture juna, ba sa yarda su haɗu su yi nauyin da za su kwanta. Gishiri kuwa, kowane iri ne, in ya narke a ruwa rabuwa yake gida biyu, rabi mai irin wutar laka, rabi mai akasinta. A aji muna ce musu iyon. Masu akasin wutar sai su taru su kewaye kowace ƙwayar laka. Daga nan magana ta koma kan wane irin gishiri ne. Na cikin kanwa hannu ɗaya gare shi, riƙonsa sako-sako ne, yana shawagi nesa-nesa, sai ƙwayar ta zama kamar mai babbar riga, babu mai iya matsowa kusa da ita. Na cikin alli hannu biyu gare shi, yana manne wa ƙwayar ya kashe mata ƙarfin turi, rigar ta tsuke, ƙwayoyi su matso su kama juna su yi gudaji su faɗi ƙasa. Na daka alli biyu na zuba a kwalbar na girgiza. Washegari ruwan ya yi garau, lakar ta kwanta a gindi. Ɗalibai suka yi tafi, ni kuma na ji kamar ni na ƙirƙiro ruwa.

Da wannan kwalba na je ƙofar maigari. Na yi abin a gaban dattawa kamar mai wasan dabo, kowa ya leƙa ya yi salati. Na ce musu kanwar Fulani ce ke hana ruwanmu kwantawa, kuma a nan ban yi ƙarya ba. Akwai wani furoje, wato shirin tallafi, a lokacin da ke neman inda zai yi aikin ruwa, na rubuta musu takarda da Faransanci mai kyau, suka ba mu wayar shinge da buhunan garin farin dutsen da ake yin alli da shi. Kafin damina muka yi gayya, muka yashe baƙar lakar da ke saman tabkin muka zubar a waje don na ce kashin shanu ne, muka barbaɗe ƙasan da garin alli har ya yi fari, muka kewaye da waya. Muka gina kwami a waje inda za a riƙa ɗebo wa dabbobi.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ranar da muka gama shingen na shigo gida fari fat da gari, ta dube ni daga bakin murhu.

"Kai wannan, ka shawarci Ardo?"

"Inna, mi Ardo ya sani ga shimi?"

"Ban san shimi ba. Na dai san ruwa ba shi tsami banza. Abin da mutane sunka daɗe suna yi, a tambaye su dalili kahin a hana."

Na yi dariya na ce zamani ya sake. Ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba. Da hantsi sai ga Ardo da jakunansa da garke a baya, suka tarar da waya, suka tarar da ni tsaye a ƙofar shinge da littafi a hammata kamar ɗan sanda. Ya yi sallama, na amsa. Ya daɗe yana kallon farin ƙasan tabkin.

"Kaɗon Rabi, wa ya mutu anka yi ma tabki likkafani?"

"Baffa, gyara ne. Daga bana ba a shiga da shanu, ba a zuba kanwa. Ga kwami can."

"Shanu na iya sha ga kwami, wannan ba komi ba ne. Amma tabkin ga ba shi riƙon ruwa sai an taka shi. Haka ubana ya ce mani, haka nasa uban ya ce mashi."

"Sun hwaɗi dalili?"

"Ba su hwaɗi ba. Sun dai ce kak ku tahi arewa ba ku taka ma Haɓe tabkinsu ba."

Samari sun taru suna kallo, kuma idonsu ya sa na ƙara. Na buɗe littafi na yi masa bayani rabi da Hausa rabi da Faransanci, ina sane ba ya jin rabin. Na ce abin da kakanni suka yi cikin rashin sani ba dole ne jikoki su gada ba. Mutumin da ya goya ni a wuya na gaya wa haka. Ya durƙusa ya zura hannu ta ƙarƙashin waya, ya ɗebo lakar, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar, ya watsar da sauran. Ya juya jakunansa da kanwarsu a kai suka yi arewa. Wannan murzawa da tofarwa ita ce duk asirin da kuka ji ana faɗa. Ɗanɗana ƙasa yake yi, irin ta makiyayi.

Damina ta yi kyau, tabki ya cika ya batse, kuma ruwan ya fito garau har ana ganin ƙafar mai ɗiba. Mata suka riƙa sa mini albarka a hanya. Wata tsohuwa ta ce ta ga fuskarta a ruwa karon farko, ta ce da ta sani da ba ta duba ba. Mutane suka zo daga ƙauyukan kusa don kallo. Na sake gayyato abokin aikin nan nawa, ya sha ƙwarya guda ya nemi ƙari. Wata uku na yi ina tafiya kamar ba a ƙasa nake takawa ba. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa na naɗa nawa har da kunnuwa biyu.

Tun ana yankan gero na lura bakin ruwa yana ja da baya da sauri. Na kafa kara a gefe, kwana biyu na dawo na tarar karan a busasshiyar ƙasa. Na ce wa kaina rana ce. Kafin a gama ɗaure dammuna rabin tabkin ya tafi. Sanyi na shigowa, lokacin da a da yara ke ninƙaya a ciki, sai ga ƙasa a tsage. Ardo da mutanensa suka dawo daga arewa da shanu masu ƙishi suka tarar da shinge ya kewaye fili. Gari duka ya koma kan rijiya ɗaya. Mata suna layi daga safe har la'asar, ana faɗa a kan guga, wasu suna tafiya wani gari da jakuna su dawo da bido biyu, wato jarkoki, na ruwa. Inna da shekarunta ta ɗauki tulu. Ginin da aka fara ya tsaya, ƴan lambun da ke bakin tabki suka ƙone. Shanun Ardo kuwa babu wanda ya yarda su kusanci rijiya. Daga bakin rijiyar nan magana ta tashi: ai an ga Ardo ya ɗebi laka ya tofa.

Wata Asabar na samo gwangwanayen tumatir manya biyu na huhhuda gindinsu da ƙusa, na zuba rairayi a ciki. Na kwaɓa lakar tabki da kanwa, na kirɓa ta da hannu na shafe saman na farko. Na kwaɓa wata da garin alli na shafe na biyu. Na cika su da ruwa na ɗora a kan duwatsu a bayan rumbu, inda nake zaton babu mai gani. Kafin azahar na alli ya tsiyaye ƙaf. Na kanwa ya kwana uku da ruwansa, ja, mummuna, a cike. Na zauna a gindin rumbu na riƙe kai. Amsar tana cikin littafin da na yi ta kaɗawa a fuskar Ardo, shafi na gaba ne kawai ban juya da hankalina ba. Lakar da ta sha kanwa aka kuma taka ta, ƙwayoyinta a warwatse suke, suna silalewa su toshe kowace ƴar kafa, ƙasan tabki ya zama daɓe. Lakar da ta sha alli tana yin gudaji-gudaji kamar dambu, tsakanin kowane gudaji da ɗan'uwansa akwai hanya, ƙarƙashinmu kuwa rairayi ne zalla. Abin da ke sa ruwan ja shi ne abin da ke riƙe shi. Na kwashe daɓen da kakannin Ardo suka yi shekaru suna kirɓawa, sauran kuma na huda shi da alli.

Ranar Juma'a bayan masallaci maigari ya tara mutane, aka kira Ardo. Ya zauna a gefe da sandarsa a kan gwiwa. Aka yi ta magana, wannan ya ce ya gani da idonsa, wancan ya ce ya ji yana karanta wani abu da Fulatanci. Ardo ya ce shi bai san komai ba sai abin da ya faɗa tun farko, tabki ba a taka shi ba. Sai maigari ya juyo gare ni.

"Mushe, kai ne mai ilmin abin ga. Cikin karatunku akwai dalilin da za ya sa ruwa shi tahi haka?"

Gwangwanayen suna bayan rumbu a lokacin, ko bushewa ba su yi ba. Na dubi dattawan da suka yi salati a kan kwalbata, na dubi samarin da suka yi gayya saboda maganata, na tuna matan da ke layi a rijiya da abin da za su ce in sun ji. Na dubi ko'ina ban da inda Ardo yake.

"Ranka shi daɗe, cikin littahi dai babu dalili."

Kalma takwas ce kawai, ban ce Ardo ya yi asiri ba, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Amma kowa a wurin ya san abin da ya rage in littafi ya ce babu dalili. Aka bar jaki aka daki taiki. Aka yanke cewa gidan Ardo ba za su ƙara sauka a gonakin garinmu ba. Ya tashi, ya yi wa maigari sallama, ya yi wa kowa sallama, har da ni. Kwana biyu suka ɗaure kaya suka yi wajen Issawane. Na ji daga baya shanu da dama sun faɗi a hanya.

Da na shiga gida ranar, Inna tana tankaɗe. Ba ta ɗaga kai ba.

"Na ga gwangwanayenka," in ji ta.

Na tsaya a bakin ƙofa, ta ci gaba.

"Ban yi karatun lakkwal ba, amma na san wanda ya riƙe ruwa da wanda ya zubar. Na ɗauka za ka hwaɗi."

"Inna, in na hwaɗi, ina zan sa kaina garin ga?"

"Inda Ardo ya sa nashi."

Ba ta tona ni ba, uwa ce. Amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara sa mini albarka a kan aikin makaranta ba, kuma duk ranar kasuwa takan zauna da ƙwaryar da aminiyarta ke zuba mata nono a ciki, ta wanke ta, ta kife.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, don a hankali na yi shi. Damina ta gaba na sayo kanwa na ce gatan shanun noma za mu yi, na buɗe shingen da kaina na ce a bar dabbobi su shiga su lasa. Bana kaɗan, baɗi kaɗan, ruwan ya koma ja, ya fara kai mu ɗari, daga baya har bazara. Wayar ta yi tsatsa mutane suka kwashe suka yi dangar awaki. Gari ya ce asirin ne ya karye da kansa. Wasu ma suka ce dabarar Mushe ce ta karya shi. Na karɓi wannan yabon ma.

Sau ɗaya na ƙara ganin Ardo, shekaru da yawa bayan haka, kuma bayan wannan haɗuwar da damina biyu ya rasu. Ranar kasuwar Issawane ce, na shiga mota musamman don shi. Na same shi a gefen kara, inda ake cinikin dabbobi, zaune a inuwa, idonsa ya fara hazo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya gane muryata.

"Kaɗon Rabi. Ina Rabi?"

Na ce ta rasu. Ya yi mata addu'a mai tsawo. Sannan na kwashe komai na gaya masa, gwangwanayen, da shafin littafin, da abin da na sani ranar da maigari ya tambaye ni. Wannan karon da Hausa zalla na yi bayanin. Na ce ya yafe mini. Ya saurara har na gama, yana murza ganyen geza a hannu.

"Ashe abin da kanwa ka yi ke nan," in ji shi. "Ubana bai sani ba. Da ya ji daɗin jin wannan." Ya yar da ganyen. "Yahewa na yahe tun ran nan, ba ni son ɗaukar kaya biyu. Amma mutanen garinku, ka hwaɗa masu?"

"Ban hwaɗa ba tukuna, Baffa."

"To mi ka zo hwaɗa mani? Ni na san ban yi ba. Waɗanda ba su sani ba ka baro gida. Jikokina ne ka zuwa kasuwarku ana nuna su da baki."

Na rantse masa zan faɗa a ranar. A mota na shirya maganar tun daga farko har ƙarshe, na maimaita ta sau ba adadi, har na zaɓi karin maganar da zan buɗe da ita. Na sauka ana kiran la'asar. Ban biya gida ba, na wuce ƙofar maigari kai tsaye. Dattawa suna zaune a kan tabarmi, yawancinsu waɗanda suka halarci wancan zama ne. Na yi sallama, suka amsa da fara'a, aka matsa aka ba ni wuri mai kyau kusa da maigari. Ya dube ni ya ce, "Mushe, an ce Issawane ka tahi. Wane labari ka zo muna da shi?"

Na buɗe baki.

"Kasuwa ta ci, ranka shi daɗe," na ce. Na gyara riga na zauna.